Tambaya da Amsa: Zaɓen Kayan Ƙwalama Masu Ƙarancin Sukari a Babban Kanti

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan karon a kan abu ɗaya suke, wato yadda mutum zai shiga babban kanti ya fito da kayan ƙwalama da maƙulashe waɗanda ba a cika su da sukari ba. Na zaɓi shida daga ciki, na taƙaita su, kuma na fara da wadda amsarta za ta share wa sauran hanya.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, kuma duk lokacin da na shiga babban kanti don in saya musu abin da za su tafi da shi makaranta, sai in tsaya gaban kanta in rasa na ɗauka. Wannan kwalin an zana masa alkama da madara, wancan an rubuta cewa yana da bitamin, wani kuma an ce don yara aka yi shi musamman. Ta yaya zan gane wanda sukarinsa bai yi yawa ba tun kafin in biya kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Abu na farko da nake roƙon ki shi ne ki juya kwalin. Gabansa filin talla ne, kamfani ne yake zaɓen abin da zai nuna miki a wurin, kuma ba zai zaɓi abin da zai hana ki saye ba. A baya ko a gefe kuwa, inda aka yi rubutu da ƙananan haruffa, nan ne dokar ƙasashe da yawa ta tilasta masa ya faɗi abin da ya zuba a ciki. Abubuwa biyu za ki tarar a can: jadawalin da ke nuna yawan kowane sinadari da lambobi, da kuma jerin kayan da aka haɗa abincin da su.

Lambobin jadawalin ba za su yi miki amfani ba sai kin san abin da za ki auna su da shi. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kada sukarin ƙari ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abinci a yini, babba ne ko yaro, ta kuma ce idan aka rage shi zuwa ƙasa da kashi 5 cikin 100 amfanin zai ƙaru. Ga baligin da yake buƙatar kalori 2,000 a yini, kashi 10 ɗin ya kama giram 50, kashi 5 kuma giram 25. Tun da cokalin shayi yana ɗaukar kimanin giram 4, ana maganar cokali 12 ke nan a babban ma'auni, cokali 6 a ƙarami. Yaro bai kai babba cin abinci ba, saboda haka rabonsa ya fi wannan ƙanƙanta, kuma hukumar lafiya ta Birtaniya ta sa iyakar giram 19 a yini ga mai shekara 4 zuwa 6, giram 24 ga mai shekara 7 zuwa 10. Sukarin ƙari shi ne wanda kamfani ko mai girki ko mai ci ya zuba da hannunsa, haɗe da wanda yake cikin zuma da ruwan 'ya'yan itacen da aka matse. Wanda yake cikin ɗan itacen da aka ci ɗungurungum, ko cikin madara, bai shiga wannan lissafi ba.

To, a jadawalin ki nemi layin kabohaidiret, wato dangin sitaci da sukari, a ƙarƙashinsa za ki ga layin sukari. Galibi lambobin sun kasu gida biyu: na abin da yake cikin giram 100, da na abin da kamfani ya kira kaso ɗaya na ci. Ki riƙe na giram 100, domin shi ne ma'aunin da bai canzawa daga wannan kwali zuwa wancan, kuma da shi kaɗai za ki iya gwada biskit biyu ki san wanda ya fi. Ƙa'idar da ake bi a Birtaniya, inda ake sa wa fakiti launin kore ko ruwan ɗorawa ko ja kamar fitilar kan hanya, tana da sauƙin haddacewa, kuma za ta yi miki aiki ko da kwalin da ke hannunki ba shi da launukan. Abin ci mai sukari giram 5 ko ƙasa da haka a cikin giram 100 mai ƙarancin sukari ne, wanda ya haura giram 22.5 kuma mai yawan sukari ne. Abin sha an raba masa waɗannan lambobi biyu: giram 2.5 a cikin mililita 100 shi ne ƙaranci, abin da ya wuce giram 11.25 shi ne yawa.

Lambar kaso ɗaya ita ce take yaudarar iyaye fiye da komai. A ɗauka kin ɗauko fakitin biskit mai nauyin giram 120, kin ga an rubuta sukari giram 9, hankalinki ya kwanta. Idan kika duba da kyau sai ki tarar giram 9 ɗin na kaso ɗaya ne, kuma kamfani ya ƙiyasta kaso ɗaya a kan giram 30, wato kashi ɗaya cikin huɗu na fakitin. A ma'aunin giram 100, sukarin wannan biskit giram 30 ne, ya wuce iyakar ja. Yaron da aka sa wa fakitin a jaka kuma ba zai raba shi huɗu ba, cinye shi zai yi a zama ɗaya, ya sha giram 36 ke nan, cokali 9, fiye da rabonsa na yini guda tun bai dawo gida ba. Kayan da aka shirya don kasuwar Amurka galibi lambar kaso ɗaya kawai suke ɗauke da ita, don haka sai kin yi lissafin da kanki: ki raba sukarin da nauyin kason, ki ninka da 100. Sai dai suna da wani alheri, domin dokar da aka yi a can a 2016 ta sa ana ware wa sukarin ƙari layinsa daban.

Jerin kayan haɗi shi ne shaida ta biyu. Ƙa'idar da duniya take bi ita ce a jera su bisa nauyi, wanda ya fi yawa a farko, wanda ya fi ƙaranci a ƙarshe. Idan kika ga sukari a cikin ukun farko, kin san zaƙi ne ginshiƙin abin. Amma sukari yana da sunaye da yawa. Akwai sukuros da gulukos da furuktos da maltos da dekstiros, waɗanda a rubutun kwali za ki ga suna ƙarewa da haruffa uku, o da s da e. Akwai sirof na masara ko na shinkafa, da ruwan rake da aka dafa ya yi kauri, da zuma, da ruwan 'ya'yan itace da aka ƙafe. Wani lokaci ana zuba iri uku ko huɗu a abu ɗaya, kowanne kaɗan, sai ya zama babu wanda ya hau farkon jerin, alhali da za a tara su wuri ɗaya su ne za su zo na farko. Shi ya sa nake so ki riƙa duba shaidun biyu tare.

Kada yawan bayanin ya tsorata ki. Kayan da kike saye a kai a kai ba su fi a ƙirga ba. Ki ba su lokaci sau ɗaya, ki gwada kowanne da na kusa da shi a kan kanta, daga nan kin san abin da za ki riƙa miƙa wa hannu.

Tambaya: Malam, na daina sa sukari a shayi, kuma yanzu lemon kwalin da aka rubuta wa cewa ba a ƙara masa sukari ba nake saye, da kuma hatsin da ake matsewa kamar sanda wanda aka ce da zuma aka haɗa shi. Matata ta ce duk ɗaya ne da abin da na bari. Wane ne yake da gaskiya a cikinmu?

Amsa: Malam, barin sukarin shayi mataki ne mai kyau, amma a kan waɗannan biyun gaskiyar maiɗakinka ta fi taka yawa. Kalmomin da ake rubutawa a gaban kwali suna kama da juna, ma'anarsu kuwa ta sha bamban, kuma dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta fayyace su yadda za su taimaka wa kowa. Idan aka ce babu sukari, ana nufin bai wuce rabin giram a cikin giram 100 ba. Idan aka ce ƙarancin sukari, bai wuce giram 5 ba a abin ci, giram 2.5 a abin sha. Idan aka ce ba a ƙara sukari ba, abin da ake nufi kawai shi ne ba a zuba wani daga waje ba, wanda ya zo da shi daga asali kuwa yana nan daram. Idan aka ce an rage sukari, ana nufin an rage aƙalla kashi 30 cikin 100 idan aka kwatanta da irinsa, a Amurka kuma kashi 25. Wannan na ƙarshen ya fi rikita mutane. Cakulan mai sukari giram 50 idan aka rage masa kashi 30 ya koma giram 35, har yanzu yana can sama da iyakar ja.

Lemon kwalin naka yana rukuni na uku. Ruwan tuffa zalla yana da sukari kimanin giram 10 a cikin mililita 100, kusan daidai da lemon kwalba mai gas, ruwan lemon zaƙi kuma giram 8 zuwa 9. Kofi ɗaya mai mililita 250 ya ba ka fiye da giram 20. Abin da matsewa take yi shi ne raba zaƙin da zaren da ke jikin ɗan itacen, wanda ake kira fiba, kuma wannan zaren ne yake sa mutum ya tauna, ya ƙoshi, sukarin ya shiga jini a hankali. Da wuya ka zauna ka cinye lemon zaƙi uku a jere, amma ruwansu za ka shanye shi a tsaye. Wannan ne dalilin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa shi cikin sukarin ƙari, hukumar lafiya ta Birtaniya kuma ta ce kada ya wuce mililita 150 a yini.

Zuma abinci ce mai daraja, ba na musun haka, amma kimanin kashi 80 cikin 100 na nauyinta sukari ne, kuma haƙori da jini ba sa bambanta shi da na rake. Haka jan sukari yake, launinsa ne ya bambanta da fari. Sandar hatsi tana buƙatar abu mai danƙo da zai riƙe ta, kuma wannan danƙon zuma ce ko sirof, shi ya sa da yawa daga cikinsu suke kaiwa iyakar ja ko su wuce ta duk da hoton hatsi da ke jikinsu. Tun da an ambaci zuma, a kiyaye: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, saboda wata ƙwayar cuta mai haɗari da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna.

Wasu ƙasashe sun ɗauke wa mai saye wannan wahala. Tun 2016 ƙasar Cile da ke Kudancin Amurka take tilasta wa kamfanoni buga baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban duk fakitin da sukarinsa ya wuce ƙa'ida, Meksiko ta bi sahu a 2020. A ganina wannan shi ne adalci ga mai saye, musamman wanda bai iya karanta ƙananan haruffa ba.

Tambaya: Malam, na ji ana yabon yogot, amma ko wanda aka ce ba a sa masa komai ba idan na duba sai in ga an rubuta sukari giram 4 ko 5. Ashe shi ma ana zuba masa?

Amsa: A'a 'yar'uwa, wannan sukarin madara ne da ake kira laktos, da shi aka tatso ta, kuma ba ya cikin wanda ake cewa a rage. Layin sukari a mafi yawan kwalaye jimilla yake bayarwa, na asali da na ƙari a haɗe. Wannan ya ba ki hanya mai sauƙi ta gane abin da aka ƙara: ki cire giram 5 daga lambar da kika gani a ma'aunin giram 100, abin da ya rage kusan duk ƙari ne. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2018, wanda ya duba yogot kusan iri 900 a manyan kantuna, ya gano cewa wanda ba a haɗa da komai ba yana tsayawa a wajen giram 5, amma wanda aka yi don yara ya haura giram 10, mai ɗanɗanon 'ya'yan itace kuma ya kusa giram 12. Ki kula da wanda aka rubuta wa ƙarancin maiƙo, domin idan aka cire maiƙo ɗanɗano yana raguwa, kuma sau da yawa da sukari ake cike gurbinsa. Shawarata ita ce ki sayi farin yogot ki yanka masa ayaba ko wani ɗan itace da kanki. Idan tsaminsa ya yi wa yara yawa da farko, ki gauraya shi rabi da rabi da mai zaƙin da suka saba, ki riƙa rage mai zaƙin mako bayan mako.

Tambaya: Malam, ni dattijo ne, shekarata 62, kuma ina da ciwon suga. 'Ya'yana suna sayo mini biskit da alewar da aka rubuta wa babu sukari, da kuma busasshen biskit mai gishiri. Amma idan na ci na gwada jinina sai in ga lambar ta hau, wani lokaci kuma cikina ya kumbura. Mene ne dalili, kuma waɗannan abubuwan zaƙi da ake sa wa a madadin sukari suna da illa?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara sauƙi, ya saka wa 'ya'yanka da alheri. Na'urar gwajinka ba ta yi ƙarya ba. Biskit da fulawa ake yin sa, fulawa kuma sitaci ce, sitaci kuwa ƙwayoyin gulukos ne a sarƙe da juna. Tun daga baki miyau yake fara warware sarƙar, hanji ya ƙarasa, daga nan ya shiga jini a matsayin sukari ko da harshe bai ji zaƙi ba. Busasshen biskit mai gishiri da aka yi da farar fulawa, da faifan shinkafa da ake kumburawa, suna iya ɗaga sukarin jini da sauri duk da cewa layin sukarinsu bai kai giram 5 ba. Akwai kuma wani gari da ake samu daga sitaci mai suna maltodekstirin, wanda ake zubawa a kayan kanti da yawa. Ba a lissafa shi duka a layin sukari, amma jiki yana juya shi gulukos cikin hanzari. Saboda haka layin da ya fi shafar ka shi ne na jimillar kabohaidiret, sannan ka duba layin fiba. Abin da yake da fiba giram 6 ko fiye a cikin giram 100 shi ake kira mai yawan fiba, kuma irinsa ya fi narkewa a hankali.

Kumburin cikin kuma mai yiwuwa daga alewar yake. Akwai wani rukunin abubuwan zaƙi da sunayensu suke ƙarewa da haruffan o da l, kamar sobitol da maltitol da zailitol da eritiritol. Ƙaramin hanji ba ya tsotse yawancinsu gaba ɗaya, sai ragowar ta wuce babban hanji ta jawo ruwa, ƙwayoyin halittar da ke can su ruɓar da ita, iska ta taru, wani lokaci har da gudawa. A Tarayyar Turai dole ne a rubuta gargaɗin haka a jikin duk abin da aka zuba masa fiye da kashi 10 cikin 100 na irinsu. Maltitol, wanda ya fi yawa a cakulan da biskit na masu gudun sukari, yana ɗaga sukarin jini, ko da yake bai kai sukari ba.

Rukuni na biyu su ne waɗanda zaƙinsu ya ninka na sukari sau ɗaruruwa, har ɗan ƙanƙani yake wadatarwa, kamar asfatem da sukuralos da sakarin da sitibiya. Waɗannan ba sa ɗaga sukarin jini kai tsaye. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da su don rage ƙiba, domin ba a ga suna yin hakan a dogon lokaci ba, amma ta bayyana cewa shawarar ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka kamu da ciwon suga ba. A watan Yulin 2023 ɗin cibiyarta mai binciken cutar kansa ta sa asfatem a rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna da alaƙa da cutar, bisa hujja mai rauni, kwamitin masana kayan ƙarin abinci kuma ya bar iyakarsa yadda take, miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin mutum a yini. Mai nauyin kilo 70 sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 na lemon da aka yi da shi kullum kafin ya wuce iyakar. Ra'ayina shi ne a ɗauke su a matsayin gada da mutum zai bi ya rabu da lemon sukari, kada a mai da su abin sha na kowane lokaci, domin suna barin harshe da sabon da ya yi da tsananin zaƙi.

Abu ɗaya kuma, Baba, wanda ba na so ya wuce ka. Idan kana allurar insulin ko shan maganin da yake iya saukar da sukarin jini ƙwarai, to kana buƙatar sukari na gaske a aljihu, kimanin giram 15, don ranar da ka ji jiri da rawar jiki da gumi. Alewar da babu sukari ba za ta cece ka a wannan hali ba. Ka kai wa likitanka fakitin abubuwan da kake ci tare da lambobin gwajinka, domin shi ya san maganin da kake sha.

Tambaya: Malam, aikin ofis nake yi, kuma da la'asar yunwa takan kama ni. Kun faɗi abin da za a guje wa, to me zan saya in ajiye a aljihun tebur?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da abin da jerin kayan haɗinsa gajere ne, ko wanda ba ya ma buƙatar jeri. Gyaɗa da kashu da almon waɗanda ba a shafa wa zuma ko sukari ba suna da sukari kimanin giram 4 zuwa 6 a cikin giram 100, ga furotin da maiƙo da fiba waɗanda suke riƙe ciki har lokacin abincin dare. Sai dai ƙarfinsu yana da yawa, giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550, don haka cikin tafin hannu ɗaya, kimanin giram 30, ya isa. Dafaffen ƙwai kusan ba shi da sukari, kuma yana ba da furotin giram 6. Cuku da farin yogot da karas da kokwamba suna buƙatar firiji ko a ci su a ranar. Gugguru hatsi ne cikakke, muddin ba a lulluɓe shi da narkakken sukari ba. Tuffa da lemon zaƙi suna da sukari giram 9 zuwa 10 a cikin giram 100, amma a cikin jikinsu yake tare da ruwa da zare, kuma ban taɓa ba mai lafiya shawarar ya guje su ba.

Busassun 'ya'yan itace suna buƙatar lura. Ɗanyen inabi yana da sukari kimanin giram 16 a cikin giram 100, amma idan aka busar da shi ya zama zabibi sai ya kai wajen giram 60, saboda ruwan ya tafi ya bar zaƙin a dunƙule, wasu ma ana jiƙa su a ruwan sukari kafin a busar. Idan cakulan ne ranka yake so, ka duba kason koko da aka rubuta. Mai madara ya kan kai giram 50 ko fiye, mai koko kashi 70 ya kan sauko zuwa tsakanin giram 25 da 30, mai kashi 85 kuma ya yi ƙasa da haka sosai.

Kada kuma a gudu ba a tsira ba. Soyayyen dankalin leda kusan ba shi da sukari, amma ga mai ga gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin baligi kada ya kai giram 5 a yini, kuma a ma'aunin Birtaniya abin da ya haura giram 1.5 a cikin giram 100 mai yawan gishiri ne. Idan sodiyam aka rubuta a kwalin, ka ninka lambar sau biyu da rabi, gishirin ke nan.

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 5 ya fara samun kogon haƙori, alhali ba alewa da yawa nake ba shi ba, guda ɗaya ce yanzu, ɗaya an jima. Kuma duk lokacin da muka zo wurin biyan kuɗi a kanti sai ya yi ta kuka a kan alewar da aka jera a wurin. Me zan yi?

Amsa: Malam, wannan guda yanzu guda an jima ita ce matsalar. A bakin kowa akwai ƙwayoyin halitta da suke cin sukari su fitar da asid, asid ɗin kuma yana zaizaye farin rufin haƙori. Bayan kowane cin zaƙi miyau yana buƙatar rabin sa'a ko fiye kafin ya wanke tsamin ya fara gyara abin da ya zaizaye. Yaron da aka ba alewa biyar a lokuta biyar haƙorinsa ya sha hari sau biyar, wanda ya ci zaƙinsa tare da abinci kuma sau ɗaya ya sha. Alewar tsotsa da mai danƙo da zabibi sun fi ɓarna saboda daɗewar da suke yi a baki, haka lemon da ake kurɓa kaɗan kaɗan daga safe zuwa yamma. Ka mai da zaƙi abin bayan cin abinci, tsakanin abinci kuma ruwa da madara da ɗan itace da cuku. A goge masa baki sau biyu a yini da man goge baki mai sinadarin fuloraid, ɗaya daga ciki kafin barci, kuma a kai shi wurin likitan haƙori tun kogon bai kai jijiya ba. Idan akwai ƙannensa a gida, kada a ba wanda bai kai shekara 5 ba gyaɗa ko almon ɗungurungum saboda shaƙewa.

Alewar wurin biyan kuɗi kuwa da gangan aka jera ta daidai idon yaro, a inda dole a tsaya a yi layi. Tun watan Oktoban 2022 Ingila ta hana manyan kantuna ajiye kayan da ke da yawan sukari ko maiƙo ko gishiri a wurin biyan kuɗi da ƙofar shiga da ƙarshen layukan kaya, saboda an san tasirin wurin a kan mai saye. Inda babu irin wannan doka, sai uba ya yi nasa shirin. Ka ciyar da yaron kafin ku fita, ka rubuta abin da za ku saya, ka kuma gaya masa tun a gida cewa zai zaɓi abu ɗaya daga cikin biyu da kai ka amince da su, misali ayaba ko farin yogot. Da zarar ya zaɓa a sashensu, ka bar shi ya riƙe abinsa a hannu har ku isa layi, shi da kansa ya miƙa wa mai karɓar kuɗi.